Fuskar Mahaifiyar Baba Gaiya

Muttaka bai taɓa zama ya koyi zane ba. Tun yana firamare hannunsa ke yin abin da idonsa ya gani, shi ya sa duk mai gidan abinci ko shagon aski a Sabon Garin Minna da ke son allon talla wurinsa yake zuwa.

Wata safiya Baba Gaiya ya tsaya a ƙofar shagon Muttaka. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, mutumin kudancin Kaduna, ya yi ritaya yana zaune a bayan layin su Muttaka.

"Malam Muttaka, so nake ka koya mini zane."

"Zane, Baba? Yanzu?"

"Mamata nake so in zana. Ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba har ta rasu. Ni da yayata Sara kaɗai muka rage da muka san fuskarta, ita ma idonta ya fara rauni."

Ya miƙa masa wata takarda da ya zana fuska a kai. Kai kamar gwanda, ido ɗaya ya fi ɗaya tudu, kunnuwa kamar marfin tukunya. Muttaka ya danne dariya.

"Baba, wannan abu baiwa ce fa. Amma ka fara da abin da ke gabanka, kofi, takalmi, hannunka. Kullum shafi ɗaya."

Don ya rabu da shi ya faɗa. Da tsohon ya juya yana gaisawa da wani, sai Muttaka ya ɗauki hoton takardar da waya, ya tura zauren WhatsApp na 'yan layin, ya rubuta: sabon gwani ya fito. Kafin azahar an yi dariya an ƙoshi, wani ya raɗa wa tsohon suna Baba Gwanda, sunan kuwa ya bi shi.

Ranar Asabar ta biyu Baba Gaiya ya dawo da littafin rubutu irin na 'yan makaranta, duk kofuna ne a karkace. Tun daga nan bai fasa ba. Kullum da safe yana ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa da fensir, kowace Asabar yana shagon. Muttaka yakan leƙa shafukan da ido ɗaya, ya ce ba laifi, ya koma kan fentinsa.

A wata na biyar ne ya tsaya a kan wani shafi. Buta ce, da lanƙwasar da ta yi a gindi da inuwarta a ƙasa. An goge an sake har takardar ta kusa hujewa, amma buta ce sosai. Ya ƙirga littattafan da ke cikin ledar tsohon, guda shida.

"Hannu yana ba ni wuya," in ji Baba Gaiya. "Na zana nawa sau ɗari da wani abu, har yanzu babban yatsan kamar rogo."

Daga hannu ya koma fuskoki. Mudi mai shayi, mata masu sayar da doya, direbobin keke da ke jiran fasinja. A lokacin ne Muttaka ya fara jin nauyi. Yana zaune zai ji wani ya ɗaga murya daga tsallaken titi, "Baba Gwanda!" tsohon ya ɗaga hannu ya wuce. Sau da yawa ya shirya maganar a bakinsa, da ya ga tsohon ya buɗe littafi yana cewa "Malam, duba nan," sai ya haɗiye.

Bayan shekara ɗaya da rabi Baba Gaiya ya roƙe shi ya raka shi Tudun Fulani, gidan yayarsa. Sun tarar da Mama Sara a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ƙanenta ya miƙa mata takardar da ya zana mahaifiyarsu. Ta kai ta dab da hancinta, ta juya wajen haske, ta daɗe.

"Tabon haɓar nan," ta ce, "a hagu yake, ba a dama ba."

Sai ta rufe fuska da gefen zaninta, kafaɗunta na rawa. Da ta natsu, Baba Gaiya ya nuna Muttaka.

"Yaya, ga malamina. Shi ya sa ni a hanya."

Ta kama hannun Muttaka da hannu biyu tana sa masa albarka, ta sa aka kawo tuwo. Loma biyu ya iya yi.

A hanyar dawowa Muttaka ya ce su sauka daga keke kafin layinsu. Suna tafe a ƙasa ya faɗa masa komai, hoton, rubutun, da inda sunan ya samo asali. Bai iya kallon sa ba.

"Na sani," in ji Baba Gaiya. "Mudi ya nuna mini tun a ranar. Kwana huɗu ban taɓa fensir ba. Na ji kunya, Malam, da furfurata."

"To me ya sa ka ci gaba da zuwa, Baba?"

"Kowa dariya ya yi. Kai ka yi dariya, amma ka faɗa mini abin da zan yi. Wa kuma zan kai wa?"

Muttaka ya ce ya yafe masa. Tsohon ya yi 'yan taku kafin ya amsa.

"Na yafe. Sunan dai kai ka kawo shi, kai za ka san yadda za ka yi da shi."

Muttaka ya rubuta a zauren ya ba da haƙuri. Mutum uku suka amsa, sauran suka ci gaba da hirar ƙwallo, kuma har yau akwai waɗanda bakinsu bai daina ba. Duk wanda ya faɗi sunan a gabansa sai ya tsayar da shi, kowane karo kuma kunyar sabuwa take dawo masa.

Asabar ɗin da ta biyo baya Baba Gaiya ya zo yana tambayar yadda ake fitar da naɗin ɗankwali ya yi kama da yadi, ba dutse ba. Muttaka ya ture gwangwanin fenti, ya jawo masa benci, ya daɗe yana duban shafin.

"Gaskiya ban sani ba, Baba. Bari a aro ɗankwali a maƙwabta mu gwada."