Filogin da Yaya ya fere

Ina dawowa daga kasuwa na tarar da teburin maigidana wayam, babu kwamfuta. Maƙwabciya ta ce Yayana ne ya zo ya ɗauke ta, wai zai yi wa surukinsa abin arziki.

Akwatin wutar kwamfutar ne ya mutu, maigida ya sayo sabo, ya ce kada kowa ya taɓa sai ya dawo daga tafiya. Da ita yake zanen gidaje, kuma gobe zai miƙa wani aiki. Shi da Yaya kuwa ko gaisuwa da ƙyar suke yi tun ranar da Yaya ya “gyara” mana firji.

Yaya kafinta ne, kuma a wurinsa duk abin da ya ƙi shiga, ferewa yake so. Na same shi a shago, kwamfutar a buɗe kan benci, sabon akwatin wutar a cikinta, wuƙa a gefe, ga ɓarɓashin baƙar roba.

“Yaya, me ka fere?”

“Wani filogi ne mai taurin kai. Haƙori takwas, rami takwas, amma ya ƙi zama. Na ɗan rage masa kafaɗa.”

Nan take na kira mai gyaran da maigida ke zuwa wurinsa, na tura masa hoto.

“Wannan filogin na katin sarrafa hoto ne, ba na ramin nan ba,” in ji shi. “Kamarsu ɗaya da na babban allon da ke cikin kwamfutar, amma wutar a juye take, shi ya sa aka bambanta ramukan. Kada a kunna! Allon zai ƙone.”

Na tsaya tsakanin Yaya da soket, na shimfiɗa hannuwa. Haushi ya cika ni.

“Ka ji ko? Wallahi ka taɓa makunnin nan, ni da kai ne!”

Na zaci zai yi min tsawa yadda ya saba. Sai ya zauna a kan buhun dusar katako, ya cire hula, yana murza ta.

“Auta, so na yi ya dawo ya ga tana aiki, ya ce min sannu.”

“To cire filogin, ba a makara ba.”

Bai motsa ba. Sai a lokacin hancina ya rarrabe wani ƙauri daga warin gam ɗin shagon.

“Na kunna ta tun kafin ki iso,” in ji shi.