Rufin Gidan Nuala Gaughan

Ranar da Fenwick, wakilin mai gonaki, ya sa aka yaye rufin gidan Nuala Gaughan a gundumar Mayo don a tashe ta daga filin, ba ta yi kuka ba. Bayan kwana uku ta koma ta sake ɗora jinka a kan bangon da marigayi mijinta ya gina. Aka kama ta, wai ta shiga filin da ba nata ba.

A kotu ta tarar alƙalin surukin Fenwick ne, ga su zaune kafaɗa da kafaɗa. Alƙali ya tambaya da Turanci, tafinta ya juya mata: wa ya taya ta aikin?

"Gaya masa ni kaɗai ce," in ji ta.

"Inna Nuala, ki faɗi suna ko ɗaya," tafinta ya raɗa mata. "Wata biyu zai ɗaure ki."

"To ya ɗaure. Amma tambayi na kusa da shi, wa zai haƙe masa dankali bana?"

Aka ɗaure ta. Kakar nan ko mutum ɗaya bai taka gonar Fenwick ba, dankalinsa ya ruɓe a ƙasa.