Saikal ko Dabbab

Maigidana Mahamadu ban ruwan itatuwa yake yi a Dir'iyya, nan Saudiyya, kuma da keken caji yake zuwa aiki. Akwai wata siririyar hanya da ke bin cikin kwari, tsakanin dabinai, ba mota ko ɗaya. Ita yake bi. Dokar wurin, yadda ya faɗa min, keke yana wucewa, babur ba ya wucewa. Larabawan nan keke saikal suke ce masa, babur kuma dabbab.

Ranar da ya kawo keken gida, Maikuɗi yana nan. Ɗan garinsu ne daga Damagaram, direban wani gida, mai son a ce ya san komai. Ya zagaya keken, ya danna ƙararrawa, ya ce, "Babban mutum da gemu, ka sayo abin wasan 'ya'yan madam? A gida ka ce musu me, keke ka saya a Saudiyya?"

Mahamadu ya ce ai babur ne, tunda ba a taka shi. Maikuɗi ya yi ta dariya. Duk inda suka haɗu sai ya ce ga mai keken yara.

Da aka sa sabon mai gadi a bakin hanyar, ya tare Mahamadu ya tambaya, saikal ko dabbab? Mahamadu ya ce dabbab. Shi da kansa ya ba ni labari yana dariya, wai bakinsa ne ya riga shi. Mai gadin ya ce to mamnu, an hana, ya nuna masa titi. Washegari ya koma ya ce saikal ne, mutumin ya ce jiya me ka ce? Turawa suna wucewa ta gefensa a kan irin kekensa, da matsattsun wanduna kamar an shafa musu fenti, ba wanda ya tambaye su komai.

Sai ya koma bin babban titi. A nan mota ta kaɗe shi, ya rasu.

Ina cikin takaba, bayan labule, maza suna zaune a tsakar ɗaki, na ji muryar Maikuɗi. Ya sha shayi, ya ci dabino, ya gyara murya yana koya wa mutane doka. Wai ƙasar nan tsari gare ta, akwai hanyar keke, akwai ta mota, marigayi ne ya ƙi bin tasa. Wai shi ya sha ja masa kunne. Sannan ya ce bari ya yi wa Inna saƙon murya, ta san yadda abin ya faru.

Inna ita ce ta haifi Mahamadu. Tsohuwa ce, ba ta gani sosai, abin da aka faɗa mata shi za ta riƙe har ta mutu. Ban yarda a ce mata ɗanta ganganci ya yi ba.

Na ce, "Alhaji, ajiye wayar."

Ya ce, "Fatsuma, yi haƙuri, wannan maganar maza ce."

Na ce, "To tunda ka iya doka, faɗa wa maza, abin da yake hawa saikal ne ko dabbab?"

Ya ce saikal ne mana, kowa ya sani.

"Da yana da rai wa ya hana shi kiransa saikal?"

Wani tsoho ya ce a yi salati, aka yi. Maikuɗi ya ce shi wasa yake yi, tsakaninsu akwai wasa. Na ce na sani, ina wurin. Na ce in zai yi wa Inna bayani, ya fara daga ranar da ya danna ƙararrawa, in ba zai iya ba ya bar min surukata.

Na ji ya tashi yana neman takalmi, yana cewa baƙin ciki ne ya taɓa ni. Har yau haka yake faɗa a Dir'iyya, wai na yi masa rashin kunya a gaban mutane.

Da yamma na kira Inna da kaina. Na ce mata yana kan hanyar aiki ne mota ta buge shi, bai yi laifin komai ba. Ta tambaya ko mutane da yawa sun yi masa salla. Na ce masallacin ya cika. Ta ce to alhamdulillahi, ta ce in ci abinci.