Feshin Fadamar Katabu

Labaran ya kashe Landirobar ma'aikata a bakin fadamar da ke bayan Katabu, ya zagayo ya buɗe wa Malam Yusha'u ƙofa. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma warin maganin da suka fesa jiya da yamma yana nan yana yankar maƙogwaro.

Tsuntsayen jan baki aka zo kashewa. Tun farin da aka yi bara, tafkunan arewa suka ƙafe, tsuntsaye suka gangaro kudu neman ruwa, suka cika wannan fadama da sheƙa. Jan baki kuwa suka far wa geron mutane, manoma suka kai kuka, aka turo Malam Yusha'u, jami'in gona, da ma'aikatansa. Labaran shi ne direba. Shi ma farin ne ya koro shi daga ƙasar Zamfara, kuma sai da ya yi wata bakwai yana dako a Kawo kafin ya samu wannan aiki.

Suka kutsa cikin ciyawa. Jan bakin sun mutu, ƙasa ta yi baƙi da su. Amma ba su kaɗai ba. Ga balbela kwance rututu, ga zalɓe ya miƙe wuya cikin taɓo, ga kurciya, ga hasbiya, har da shirwar da ta zo cin mushe ta faɗi a kai. A cikin sheƙun da ke reto 'yan tsaki sun buɗe baki sun sandare. Fadamar da jiya sai mutum ya ɗaga murya ake jin sa, yau ba a jin komai sai ƙudaje. Malam Yusha'u ya toshe hanci da hankici, ya ce a tara a ƙone.

Can gefen ruwa Labaran ya hango mata sun duƙa suna tsintar matattun tsuntsaye cikin ƙorai. Ya gane ɗaya daga zanenta. Yayarsa ce Kande, wadda ta biyo shi bayan rasuwar mijinta, take zaune a wata bukka a Katabu da 'yarta Indo. Ya ruga ya fizge ƙwaryar, ya gaya mata guba ce ta kashe su.

Kande ta dube shi. Ta ce kwana biyu ba su ɗora tukunya ba, kuma tun asuba ta gasa wasu. Ita ba ta ci ba, ta bar wa yarinyar. Yanzu Indo tana amai, amma ta ɗauka cikin ne ya daɗe bai ga nama ba.

Suka tarar da Indo kwance a tabarma, yawu yana zuba, hannuwanta suna karkarwa. Shekararta shida. Labaran ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi mota. Malam Yusha'u bai hana ba, shi ne ma ya buɗe baya, ya ture garewanin magani ya yi musu wuri.

Sai da suka wuce Hayin Banki Malam Yusha'u ya yi magana, a hankali, yana kallon titi. Ya ce an umarce shi ya sanar da mutanen ƙauye kafin feshi, ya aika, ɗan aiken bai je ba. In maganar ta shiga takarda, za ta ci shi, ta ci duk wanda ke ƙarƙashinsa.

"In sun tambaya, ka ce abinci ne ya lalace. Kana ji na?"

"Ina ji, ranka ya daɗe."

A asibiti aka kwantar da Indo. Wata nas ta buɗe idon yarinyar ta duba, ta tambayi abin da ta ci. Kande ta ce tsuntsu. Nas ta ce ba tsuntsu kaɗai ba ne, kuma in ba su san ainihin abin ba, ba su san allurar da za su yi ba. Malam Yusha'u yana tsaye a bakin ƙofa. Labaran ya tuna da wata bakwai ɗin nan na dako, da matarsa mai tsohon ciki a ɗakin haya. Ya fita ya nufi mota.

Ya dawo da garwa ɗaya a kai, ya dire ta gaban nas, ya juya mata gefen da ke da rubutu. Ta karanta, ta fita da sauri kiran likita.

Malam Yusha'u ya jawo shi waje. Bai yi faɗa ba, hannu kawai ya miƙa.

"Makulli."

Labaran ya zaro ya ba shi. Malam Yusha'u bai iya tuƙi ba, ya je ya tsaya jikin motar cikin rana, makulli a hannu. Labaran ya koma ciki ya zauna a benci kusa da yayarsa. An ja labule. Suka kasa kunne, suna neman numfashin Indo cikin ƙarar takalman masu shiga da fita.