Nauyin Kofin Garin Waken Suya

Yaya tana tsakiyar guga Auta ta kira ta a waya. Washegari za a gwada Auta aiki a gidan burodi, an ce ta zo da biskit ɗin da ta gasa da kanta.

"Yaya, an ce kofi biyu na garin waken suya, ni kuwa sikeli gare ni. Giram nawa ne kofi ɗaya?"

Tun rasuwar mahaifiyarsu Yaya ba ta taɓa ce wa Auta "ban sani ba". Sai ta ce, "Gari ai gari ne. Ɗari da ashirin, kamar fulawa."

Biskit ya fito kamar tsakuwa, ga gafin wake. Ba a ɗauki Auta ba.

Da Yaya ta je jaje, ta faki ido ta cika kofin awon da ta zo da shi da garin waken ta juye a sikeli. Tamanin da biyar.

Auta na bakin gado tana kallon tafukanta. "Ni dai ba ni da hannun girki, Yaya."

"Ba hannunki ba ne, bakina ne."

Auta ta ji bayani, ta matsa mata wurin zama kawai. Da faɗa ta yi, da ya fi wa Yaya sauƙi.