Sarakai Biyu a Shagon Tsoho Tuan

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Tsoho Pai, 'yarsa Hsiu-chin ba ta da wata magana sai ta ya tattara ya bar Tainan ya koma gidanta a Kaohsiung. Ta ce ƙafar da yake ja ba ita ce damuwarta ba, kan ne. Ya sha barin tukunya a wuta ya fita, kuma an taɓa tsintarsa a bakin kasuwa ya rasa hanyar gidan da ya tsufa a ciki. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa bas a garin nan, babu lungun da bai sani ba, wai shi ne yau za a riƙe wa hannu! Abin ya ci masa rai ƙwarai.

"Baba, kanka ya gaji," in ji ta. "Ba abin kunya ba ne."

"Kaina ƙalau yake. Ke ce dai kika gaji da zarya."

Amininsa Tsoho Tuan, mai shagon ganyen shayi a bayan layinsu, shi ya jefa shi cikin wasan kati na poka. Akwai wata 'yar ƙungiya ta mutanen gari da ke gasa a waya kowace Lahadi bayan abincin rana. Kowa da kwabban wasansa, ba a kuma ƙayyade abin da za ka zuba ba, in ka ga dama ka tura duk abin da ke gabanka a hannu ɗaya, wato a rabon kati guda. Wanda nasa suka ƙare ya fita, sai wata Lahadin. Da farko Pai ya sha kashi ba kaɗan ba. Kowane kati aka ba shi sai ya bi, kamar mai tsoron a ce ya yi rowa, kafin a yi nisa an yi waje da shi.

Sai Tuan ya haɗa musu wayoyi, yadda daga shagonsa zai riƙa ganin fuskar wayar Pai, suna kuma jin juna, Pai da abin kunne.

"Ba zan ce maka uffan ba sai hannu ya ƙare," ya ce. "In ya ƙare kuwa, zagi za ka sha har ka ƙoshi."

Ya kuwa cika alkawari. "Kai Tsoho Pai, wannan tarkacen ka bi da shi? Fasinja ne da za ka ɗauki kowa? Yar da shi!" A haka Pai ya koyi yar da kati ba tare da zuciyarsa ta yi ƙuna ba. Ya koyi cewa wanda ke magana a ƙarshe ya fi kowa gani, ya koyi lura da mai gaggawa da mai jinkiri, ya koyi haƙuri, shi da a da ko jan wuta a titi ba ya iya jira sai ya yi tsaki. Sannu a hankali ya fara daɗewa a gasar, har ya soma kaiwa teburin ƙarshe. Kai, ka ga yadda mutumin nan ya miƙe! Ya koma aski, ya koma guga, safiya na yi yana gaban waya yana bitar hannayen da ya buga.

A ƙungiyar akwai wani mai laƙabin Kabewa, wanda Pai ke ƙauna kamar ɗan cikinsa, ko da yake bai taɓa ganin fuskarsa ba. Ba a taɓa ganin sakarai irinsa ba. Da zarar sun haɗu a teburi ɗaya, Pai ya sami kati mai ƙarfi, sai Kabewa ya turo duk kwabbansa da shara a hannu.

"Na karance shi tsaf," Pai kan ce yana dariya. "Yaron nan ba ya iya ɓoye mini komai."

"Ai ka zama gwani," in ji Tuan.

Ƙungiyar ta sa tikiti ɗaya na babbar gasar da ake yi ido da ido a Taipei, na wanda ya ci gasar ƙarshen bazara. Ranar da Hsiu-chin ta sake tayar da zancen ƙaura, Pai ya buga sandarsa a ƙasa.

"To mu yi haka. In na ci tikitin nan da kaina, ki bar ni a gidana, kada in ƙara jin Kaohsiung a bakinki. Mai ruɓaɓɓen kai ba ya cin mutum hamsin. In na faɗi, ki zo ki kwashe ni."

Ta dube shi ta dube shi, ta ce ta yarda. Ba ta ɗauka zai kai ko'ina ba.

Lahadin gasar, rana na dukan rufin gidaje, Pai ya kai teburin ƙarshe. Aka yi ta faɗuwa har saura su huɗu, ga kuma Kabewa a cikinsu da tulin kwabbai, ko ta ina ya tara su oho. Da aka ba da hutu, murna ta hana Pai zama. Ya ce a ransa, wannan tikitin ba shi kaɗai a ɗaki zai ci shi ba, a gaban malaminsa zai ci, ya ga fuskarsa. Tun da ya kwanta ciwo bai taɓa takawa zuwa shagon shi kaɗai ba. Ya ɗauki sanda, ya riƙe waya da hannunsa mai lafiya, ya fita.

"Me ya sa kake haki?" Tuan ya tambaya a kunnensa.

"Motsa jiki nake. Ba kai ka ce in riƙa miƙe ƙafa a hutu ba?"

Hutu ya ƙare yana hanya. Ya tsaya a inuwar wani shago ya yar da kati, ya ci gaba, ya sake tsayawa ya yar da wani. Gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, amma bai ɓata ba, ko lungu ɗaya bai kuskure ba, sai murmushi yake shi kaɗai. Ya bi ta ƙofar baya don ya ba abokinsa mamaki.

Tuan na zaune ya ba ƙofa baya, fanka na kaɗa masa 'yar furfurar da ta rage. A kan teburin awo ya jingina waya da gwangwanin shayi, tana nuna teburin Pai. Kusa da ita kuma ga kwamfuta a buɗe, da teburin nan dai, amma daga wata kujerar. Pai ya ƙanƙance ido ya karanta sunan da ke ƙasan kujerar. Kabewa.

Bai gane ba tukuna. Ya ɗauka kallo kawai ake yi. Sai wayarsa ta yi ƙara a hannunsa, an raba sabon kati, ya duba ya ga sarakai biyu, katin da ba kasafai ake doke shi ba. A daidai lokacin suka bayyana a wayar da ke jingine da gwangwani. Ya ga Tuan ya leƙa su, ya gyaɗa kai, ya juya ga kwamfuta inda bakwai da biyu ke kwance, katin da ko ɗan koyo ba ya bi da shi. Ya ga yatsan nan da ya sani tun suna samari ya danna, duk tulin kwabban Kabewa ya gangaro tsakiyar teburi.

Tirƙashi! Sandar ta suɓuce daga hammatarsa ta faɗi.

Tuan ya waiwayo a firgice, ya miƙe har kujera ta kife.

"Kai ne?" Muryar Pai ta fito sau biyu, daga bakinsa da daga wayar da ke kan teburi. "Tsoho Tuan, kai ne Kabewa?"

"Zauna tukuna, ƙafarka..."

"Ƙyale ƙafata! Tun yaushe?"

Tuan ya sunkuyar da kai. "Tun da ka fara daɗewa."

Pai ya dafa bango. Duk hannayen nan da ya yi ta ba masu shayi labarinsu, duk dariyar da ya yi wa sakarai, duk ranar da ya kira Hsiu-chin ya ce yau ma ya kai teburin ƙarshe. Ashe ɗura ake masa kamar jariri! Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, har ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi.

"Kana zaune a nan kana ji ina cewa na karance shi, kana ce mini gwani?"

"Ka iya yar da kati, wannan naka ne, na rantse ban sa maka hannu ba."

"Yar da kati! Ko gawa ta iya yar da kati!"

"To me kake so in yi?" Tuan ma ya ɗaga murya, idonsa ya kawo ruwa. "In zuba ido ka koma gado ka juya wa duniya baya? In bar yarinyar nan ta ɗauke ka? Duk sa'o'inmu sun tafi, wasu ƙasa, wasu gidan 'ya'ya. Kai kaɗai ka rage mini a garin nan, tsohon banza! Da wa zan yi faɗa?"

Wayar ta fara ƙara, alamar lokacin Pai na ƙarewa. Sarakan na nan suna jira. In ya danna ya bi, kwabban Kabewa sun zama nasa, sauran biyun kuma ba su da abin da za su tare shi da shi.

"Danna," Tuan ya ce ƙasa-ƙasa. "Don girman zamanmu, danna. Ba wanda ya sani. Ka ci tikitinka ka zauna a gidanka."

Pai ya dubi wayar, ya dubi abokinsa. Yana so, ai ba ƙarya, yana so har cikin ransa. Ya tuna gadonsa da tagarsa da maƙwabciyar da ke miƙo masa miyar kifi da safe. Amma da kansa ya ce zai ci, da bakinsa ya faɗa wa 'yarsa. Ya tsaya yana kallo har lokacin ya ƙare, sarakan suka tafi.

Tuan ya dafe kai ya ce, "Wayyo, ka kashe mu."

"Rufe kwamfutar nan. Kife wayar can ma."

Tuan ya rufe, ya kife. Pai ya cire abin kunne ya ajiye, ya jawo wani ɗan benci ya zauna a kusurwa, ya juya fuskar wayarsa zuwa bango. Zai buga sauran shi kaɗai, ya gani da idonsa.

Aka raba kati. Tara da goma. Wani ya ƙara kwabbai, aka zo kansa. Ya san an taɓa yi masa bayanin irin wannan, ya sani sarai, amma da ya laluba sai ya ji wayam. Ya bi. Aka buɗe kati uku a tsakiya, ya yi ta ƙoƙarin haɗa su da nasa, lissafin na tsinkewa a rabi yana sake farawa, ƙarar lokaci na sukar kunnensa. Ya sake bi. Hannu na gaba ya tura saura don haushi, aka bi shi, aka kwashe. Ruwan da Tuan ya ɗora a wuta bai ma tafasa ba, wayar ta rubuta masa ya fita a na huɗu.

Tuan ya ɗauko sandar daga ƙasa ya riƙe, ya rasa yadda zai miƙa masa.

"Gajiya ce," ya ce. "Ka sha rana, ga ɓacin rai. Kowa ma haka..."

"Ya isa."

Pai ya daɗe yana kallon kwalayen shayi da aka jibge babu komai a ciki a bayan ƙofa. Sannan ya share fuska da tafin hannu, ya nuna su da haɓa.

"Waɗancan kana da aiki da su?"

"A'a. Me za ka yi da su?"

"Ɗaure mini manyan," ya ce. "Kayan ɗakin girki ma kaɗai za su ci uku."