Famfon Sanyi a Sabon Gari

Shekarar da jam'iyyu suka cika Maraɗi da lasifika, Alhaji Maman Lawali ya dawo daga Lome da wani inji mai shafa wa gilashi ƙarfe mai sheƙi ya zama madubi. Ya ce 'yan kabu-kabu kullum cikin fasa madubin babur suke, to shi zai riƙa yi musu a nan Sabon Gari. Ya kira Hafizu mai gyaran firji ya tada masa shi.

Hafizu ya zagaye injin sau uku. Kwamfaresa dai ya sani, amma tukunyar ƙarfen da ke manne a ƙasa bai taɓa ganin irinta ba, littafin kuma da Faransanci yake. Sai ya hau babur har Tibiri ya ɗauko Mushe Barnaba, malamin kimiyya da yajin aiki ya zaunar a gida.

"Tukunyar nan famfon sanyi ce," in ji Mushe bayan ya karanta. "Ƙaramin famfo zai fara zuƙe iskar akwatin da ake sa gilashi. Ragowar da ta gagare shi, wannan zai daskarar da ita a cikinsa. Amma sai ya yi awa biyu yana sanyi, kuma kada ka buɗe masa ƙofar akwatin kafin ƙaramin ya gama."

Suka sakar wa kwamfaresa ruwan sanyaya shi, suka kunna. Tukunyar ta fara bugawa, dum, dum, allurar ma'auni tana sauka a hankali. Mushe ya fita neman fura.

Can sai ga Alhaji da abokansa huɗu, kowa da hular jam'iyya.

"Hafizu, nuna musu!"

"Alhaji, ba a zuƙe akwatin ba tukuna."

"Haba, ɗan taɓawa kawai."

Hafizu ya ji nauyin baƙi, ya murɗa ƙofar akwatin ta buɗe. Iska ta afka wa tukunyar, allura ta yi tsalle sama, sanyin da aka tara ya gudu. Baƙi suka yi tafi, a zatonsu aikin ke nan.

Mushe ya dawo ya duba ma'auni, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ka ɗura wa jariri tuwo, Hafizu!"

Dole aka bar tukunyar ta yi ɗumi ta amayar da iskar. Kashegari kuran, wato lantarki, ya yanke ana tsakar aiki. Rana ta uku Hafizu ya ja kujera ya tare ƙofar shago, Alhaji ma a waje ya jira. Da allura ta kai ƙasa ya buɗe a hankali, ba ta motsa ba. Suka kunna wa ƙarfen da za a shafa wa gilashin wuta.

Madubi goma sha biyu suka fito fes. Alhaji ya ɗauki ɗaya ya leƙa.

"Mushe, injin nan yana ƙara wa mutum furfura ne?"

"A'a, Alhaji. Wannan da ita ka zo."